Ɗakin da Ba a Fesa Ba

Awaki ne suka kawo ƙumar. A waccan shekarar ruwan tafki ya cika ya wuce inda ya saba tsayawa, ya hauro gaɓa ya shafe turken awakin gidan Magaji. Tsohon ya sa aka kwanto su aka shigo da su cikin gida, aka ɗaure a wani ɗaki da ba kowa, wanda bango ɗaya ya raba shi da ɗakin Barakatu, matar ɗansa Surajo. Bangon kuwa akwai kafar ɓera a gindinsa.

Kafin wata ya mutu gidan ya daina zaunuwa. Mutum ya tayar da sallah, bai kai ruku'u ba sai ya ji idon sawunsa na wuta. In ka shimfiɗa farin zane a ƙasa ka juya ka dawo, sai ka same shi kamar an watsa masa masoro. Ɗakunan tungar, wato ƙauyen masuntan, na bulo ne, irin waɗanda aka gina wa mutane lokacin da ruwa ya ci tsoffin garuruwa, simintin ƙasansu ya daɗe da tsattsagewa. Cikin tsagar nan ƙumar ta yi gida.

Magaji Basarke ne, ya gaji su kaka da kakanni, yana da jiragen ruwa biyu da rumfar banda, kifinsa har 'yan kudu ke zuwa saye a kasuwar Wara. Ba shi da yawan magana, in kuwa ya yi ba ya maimaitawa. Abu guda ke sa shi dariya a gidan, jikarsa Nusaiba, 'yar farin Barakatu, wadda ta fara tsayuwa amma har yanzu rarrafe ya fi mata sauri. Matata yake ce mata. Duk ya dawo daga bakin ruwa sai ya ɗauke ta ya tambaye ta ina tuwonsa. Ran nan da ya ɗauke ta sai ya ga ƙafafunta da cikinta sun yi jajir da cizo, wasu ta sosa har sun fashe. Ya sauke ta a hankali. Ya ce wa matarsa, Inna Ladidi, a aika wa Dogo, ran kasuwa ya zo ya feshe gidan duka.

Dogo ya yi shekaru yana feshi a wata babbar gona can wajen Sakkwato. Da aka raba jiha aikin ya watse, ya dawo gida da tankin feshi a bayansa, ya mai da shi sana'a. Maganin da yake zubawa ba shi da suna. A kwalaben lemo yake zuwa, ba takarda a jiki, kowa dai ya san shi da warinsa. Shi ake yayyafa wa kwandunan banda don kada tsutsa ta cinye kifi a hanya, shi kuma marasa haƙuri ke zubawa a ƙananan tafkuna su kwashe abin da ya taso. Abin da ya tsare kifi, in ji mutanen tungar, zai tsare ɗaki. Yadda ake yi, a fesa ƙasa da bango da tabarmi da katifa, a rufe ƙofa wuni guda, da yamma a buɗe a shiga a kwanta.

Barakatu tana tankaɗe ta ji umarnin. Ba ta ɗaga kai ba.

Ciki gare ta. Sabo ne, bai fito ba, daga ita sai Surajo suka sani. Kuma ciki ne a kan goyo, tun ba a yaye Nusaiba ba, irin wanda mata ke yi wa dariya a bakin rafi, a ce wance ba ta da haƙuri, mijinta ma ba shi da shi. Mace ba ta faɗin ciki ko da na daɗi ne, bari ake yi zane ya faɗa. Wannan kuwa ranar da aka sani ranar za a cire yarinyar daga nono. Shi ya sa take danne laulayi, in amai ya taso ta zagaya bayan rumfar banda inda hayaƙi ke ɓoye mutum.

Maganin kuma ta san shi tun tana yarinya, a garinsu can wajen Shanga. Wani kawunta ya zuba shi a wata fadama da rani. Kifi ya taso ciki sama, manya da ƙanana, da kwaɗi, har da tsuntsayen da suka sauko suka ci. Tana cikin yaran da aka sa fiɗa. Ta riƙa tsaga cikin karfasa tana ganin ƙwai cike, ta tambayi innarta ko su ma sun mutu. Innar ta ce abin da ya kashe uwa ai bai bar na cikinta ba. Fadamar ta daɗe ba a kama komai a cikinta ba. Da ta je awon cikin Nusaiba a Wara ma, mai awon ta ce mai ciki da yaro mai rarrafe su nisanci ɗakin da aka fesa, don yaro da hannu yake tafiya, hannun kuma baki yake komawa.

Ta gaya wa Surajo yana ɗinkin tarun kamun kifi a inuwa. Ya saurara bai daina ɗinki ba. Ya ce ai wuni guda ne, ta zauna waje da yarinyar, wari na fita shi ke nan. Ta ce wari ne ke fita, abin yana nan cikin tabarma. Ya ce duk tungar haka ake yi, ba wanda ya mutu. Ta ce to ya je ya gaya wa Baba dalili, a tsallake ɗakinta. A nan ya ajiye allurar.

"Da wane baki? In ce mishi mi?"

"To ni ba ni bari a fesa."

"Ke kika sani."

Washegari ya bi jirgin da zai yi kwanaki a tsibiri. Ba ta yi mamaki ba.

Tun da hantsi ta fara. Ta miƙa wa Inna Ladidi yarinyar, ta fitar da duk abin da ke ɗakin, gado da akwati da kwanukan jere, ta baje su tsakar gida a rana. Tabarmi da asabari ta kai bakin ruwa ta goge da sabulu, ta shanya su kan duwatsun da ke ƙona ƙafa da azahar. Ta ɗora babbar tukunya, ruwa ya tafasa, ta tsoma tsummokaran yarinyar da zannuwan gado. Katifar rimi ta farke ta, ta baza audugar a rana, ta dafa rigar katifar. Daga nan ta share ɗakin tun daga kusurwa, ta kwashi sharar a fasasshen kasko ta juye cikin wuta. Sharar ta yi ta ƙara kamar ana soya gero.

Ta sake cika tukunya. Da ƙaramin kwano ta riƙa ɗiba, don ba ta son ɗaukar nauyi, tana bin kowace tsaga tana kwarara tafasasshen ruwa. Da ƙasa ta sha iska ta kwaɓa laka da toka ta liƙe tsagogin, ta toshe kafar ɓeran da tsakuwa ta shafe.

Inna Ladidi tana zaune kan turmi da jikarta a cinya tana kallo. Ta ce wa maƙwabciyar da ta leƙo, da ƙarfi yadda za a ji, wai amarya aka kawo musu yau, ga jere nan ana yi. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin inda aka dafa ɗaki ba, saura a sa masa gishiri da daddawa. Maƙwabciyar ta yi dariya. Barakatu ta ci gaba da liƙe tsaga.

Abin da ta yi da la'asar shi ya sa dariyar ta tsaya. Ta shiga ɗakin awakin ta kwance su duka, ta ja su ta fita da su bayan gida, kan tudu, ƙarƙashin tsamiya, ta kafa turaku ta ɗaure. Awakin Magaji ne, shi ya ce a sa su inda suke. Ta dawo ta kwashe kashinsu da ciyawar da suka kwanta a kai ta ƙone, ta wanke ƙafafunta da sabulu har gwiwa. Da Magaji ya dawo ya leƙa ɗakin ya ga wayam, ya zagaya ya ga awakin kan tudu, ya tsaya yana dubansu. Wurin ya fi, kowa ya ga ya fi. Amma ba a tambaye shi ba. Ranar bai tambayi matarsa ƙarama ina tuwonsa ba.

Ran kasuwa Dogo ya zo bayan azahar, tanki a baya, tsumma ɗaure a hanci. Ya fara da zaure, ya yi ɗakin Magaji, ya yi na Inna, ya yi ɗakin da awaki suka bari. Warin ya cika gidan, mai kama da kananzir da aka zuba wa ruɓaɓɓen abu. Barakatu ta goya yarinyar ta fita can bakin ruwa inda iska ke kaɗowa, tana hangen ƙofarta. Da ta ga ya nufi wurin sai ta dawo da sauri, ta jawo ƙofar ta rufe, ta zauna a bakin dokin ƙofa da goyo a baya.

Dogo ya gaishe ta, ya ce uwar ɗaki a ba shi hanya. Ta ce ɗakin ba ya so. Ya ce ai ba ɗakin ya zo tambaya ba, mai gida ne ya aiko shi. Ta ce to ya koma wa mai gida. Ya yi dariya ta cikin tsumman, ya ce ko ƙumar ɗakinta 'yan uwanta ne daga Shanga, ba ta son a taɓa baƙi. Ta ce in ya matso da bakin ƙarfen nan kusa da yarinyar zai ga 'yan Shanga.

Inna ta zo ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta koma faɗa. Ta ce wace irin uwa ce za ta ga jikin ɗiya ya zama haka ta hana magani. Ta ce kuma dubi rashin ta-ido, 'yar fari ce fa, ita take zaune tana tare wa ƙofa a gaban mutane kamar ita kaɗai ta taɓa haihuwa. Barakatu ta sunkuyar da kai ta ce maganin ya fi ƙumar illa. Inna ta ce su da suka girma cikinsa ga su nan da ransu.

Hayaniyar ta fito da Magaji. Barakatu ta sauko daga dokin ƙofa ta durƙusa, ta kau da fuska, amma ba ta bar bakin ƙofar ba. Suruki ba ya magana da matar ɗansa kai tsaye, don haka Inna ya duba ya tambayi abin da ake ciki. Aka gaya masa. Ya ce a tambaye ta, in ba a fesa ba ita me za ta yi. Barakatu ta gaya wa Inna, Inna ta maimaita da murguɗa baki, cewa shara da rana da ruwan zafi. Tsohon ya dubi tabarmin da ke shanye. Ya ce a bar ta zuwa wata kasuwar. In ya ga sabon cizo ko ɗaya a jikin matarsa ƙarama, Dogo zai dawo, kuma ranar ba zama bakin ƙofa.

Da yamma aka buɗe ɗakunan da aka fesa, kowa ya shiga ya kwanta. Da safe Inna ta fito tana cewa rabonta da barci irin wannan tun kafin ruwa ya cika. Ƙumar ɗakinta ta mutu, wannan gaskiya ne. Ta yini da ciwon kai tana cewa tsufa ne. 'Yan tsakin da suka yi tono a sharar zaure suka mutu, aka ce cutar kaji ce ta shigo.

Ɗakin Barakatu kuwa ya yi lafiya kwana kaɗan, sai ƙumar ta dawo. Ba kamar da ba, amma ta dawo. Ƙwan da ya tsira a wani lungu ne ke ƙyanƙyashewa. Ta gane aikin ba na rana ɗaya ba ne. Kullum safe ta share ta ƙone, tabarmi su fita rana, bayan kwana biyu ta sake dafa ruwa ta bi gindin bango. Ta yanko ganyen dogon yaro ta shimfiɗa ƙarƙashin gado. Ta hana kyanwar gidan shiga. Nusaiba ta daina sauka ƙasa sai kan tabarmar da ta wuni a rana. Da magariba takan zuba ruwan sabulu a faranti mai faɗi ta ajiye a kusurwa, ta rataya fitila a samansa inda hannun yarinya ba ya kaiwa, yadda masunta ke kiran ƙananan kifi da haske. Ƙumar ta yi tsalle wajen hasken ta faɗa ruwa. Da safe farantin yakan yi ɗigo-ɗigo baƙi, kullum kuma ɗigon raguwa yake yi.

Aikin ya ci jikinta. Bayanta ya riƙe, warin da ke fitowa daga sauran ɗakuna yana tayar mata da zuciya, sau da yawa sai ta ajiye tsintsiya ta dafa bango. Matan tungar suka sa mata suna mai dafa ɗaki. Wata ta tambaye ta a bakin ruwa ko ya nuna a kawo kwano. Ta ce in ya nuna za ta aiko mata da ƙanzo.

Ana gobe kasuwa ta duba jikin yarinyar da hasken rana. Tsoffin ƙurajen sun bushe. Amma a bayan gwiwa akwai sababbi, jere, jajaye. Ta daɗe tana kallonsu. Tana iya sa wa yarinyar dogon wando, ta san haka, ta kuma san Magaji zai ɗaga wandon. Ta bar ta da 'yar rigarta.

Dogo ya zo da wuri wannan karon. Magaji da kansa ya shigo da shi. Tsohon ya ɗauki jikarsa daga hannun Inna, ya juya ta, ya duba ƙafa, ya duba ciki, ya kai bayan gwiwa ya tsaya. Ya nuna wa Inna da ɗan yatsa.

"Gaya mata wa'adi ya cika."

Barakatu tana durƙushe a bakin ƙofarta. Ta ce wa Inna a ƙara mata lokaci, abin ya kusa ƙarewa, ga farantin nan a duba. Inna ba ta ko maimaita ba. Magaji ya ce wa Dogo ya shiga. Ya ce wa Inna in matar ɗansa ba ta tashi ba a kira mata biyu su ɗaga ta. Dogo ya ɗaure tsummansa ya fara buga famfon tankin, bakin ƙarfen ya fara ɗiga a ƙasa.

Ta duba ɗigon. Ta duba ƙofar gida, ko Surajo zai shigo. Ba kowa sai kaji.

Sai ta miƙe tsaye. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa tsayawa a gaban tsohon ba, ba ta taɓa ganin fuskarsa sosai ba sai ranar. Ta dube shi.

"Baba, ciki gare ni."

Hannun Dogo ya tsaya a kan famfo.

"Ga wadda ke rarrafe a hannunka, ga wanda ke ciki. Ba a fesa ɗakin ga. In an ɗaga ni, in dawo."

Ba wanda ya motsa. Inna ta rufe baki da gefen mayafi. Magaji ya kawar da idonsa daga kanta kamar wanda ya ga abin da bai halatta ya gani ba. Ya dubi jikarsa, ya dubi ɗigon maganin da ya jiƙa ƙasa kusa da ƙafarsa, ya ja da baya da yarinyar. Ya miƙa wa Inna ita.

"Dogo, kwashi kayanka."

Ya juya ya fita, ya nufi bakin ruwa. Dogo ya saɓa tankinsa ya bi bayansa, ba barkwanci ko ɗaya. Barakatu ta san kafin kasuwa ta watse labarin ya kai Wara, ya dawo. Ta ɗauko toka ta rufe wurin da maganin ya ɗiga, ta kankare ƙasar da fartanya ta kai bayan gari ta binne.

Da ta dawo Inna na jiranta. Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi faɗan muni. Ta ce a gaban suruki, a gaban baƙon namiji, da rana tsaka. Ta ce a zamaninsu mace ta gwammace ta haɗiye harshenta. Ta ce ashe shi ya sa ake zagayawa bayan rumfar banda, ita tana zaton hayaƙi ake so. Ta tambayi tun yaushe, Barakatu ta gaya mata. Inna ta ce to shi ke nan, yarinyar nan ta sha nononta na ƙarshe, nonon mai ciki ba ya yi wa yaro, yau za ta ɗauke ta yaye.

Barakatu ta san da wannan tun kafin ta buɗe baki. Mai awo ta taɓa cewa ba dole ba ne a cire yaro rana ɗaya, amma wannan faɗan ba ta da ƙarfin yinsa yau, kuma ba wanda zai tsaya mata. Ta ce to. Inna ta gyara yarinyar a kafaɗa ta juya ta nufi ɗakinta.

Barakatu ta riga ta isa ƙofar. Ko daga nan waje ana jin warin, yana cikin labule, yana cikin tabarmar da ke shimfiɗe a ƙasa, inda yaron yaye zai yini yana birgima yana kuka yana sa hannu a baki.

"Yaye naki ne, Inna. Amma ba cikin ɗakin ga ba."

"Yau kuma ɗakina kika zo tarewa?"

"Ga nawa can. Ku shiga ke da ita. Ni in fita."

Inna ta ce ba ta taɓa jin inda suruka ta kwana ɗakin matar ɗanta ba. Ta ce ita da ɗakinta ba ƙuma ko ɗaya za ta koma inda ake kama ta da fitila kamar kifi. Ta ce Barakatu ta gama da uban, yanzu ta juyo kan uwar, saura liman. Barakatu ba ta matsa daga ƙofar ba. Nusaiba ta gaji da tsayuwar, ta fara miƙa hannu wajen uwarta tana jan wuyan rigarta daga nesa. Barakatu ta ɗaure hannuwanta a baya.

Tsohuwar ta dubi hannuwan. Ta dubi jikarta. Ta yi tsaki mai tsawo, ta ce a ba ta hanya ta ɗauko tabarmarta da matashinta. Barakatu ta ce an fesa su, akwai wasu can da suka wuni a rana. Inna ta ce to zanen jikinta fa, ko shi ma tuɓewa za ta yi. Barakatu ta ce akwai wankakke a akwati.

"Allah ya haɗa ni da ke," in ji Inna.

Ta wuce ɗakin Barakatu da yarinyar, ta tsaya a bakin ƙofa ta kakkaɓe ƙafa. Barakatu ta kawo mata ruwa da sabulu ta ajiye. Inna ta harare ta, ta wanke ƙafafun da hannu ɗaya, ta shiga ta saki asabari.

Kafin la'asar kukan ya fara. Barakatu tana rumfar girki, ta shimfiɗa tabarmarta kusa da murhu, nan za ta zauna har yarinyar ta manta. Tana jin Inna na rarrashi, tana cewa ga kunu, ga kifi, ga jirgin kakanki can ya taho. Kukan bai tsaya ba. Ƙirjinta ya cika ya yi tauri, gaban rigarta ya jiƙe. Ta ɗaure shi da ɗankwali ta tamke.

Wata mata da ta dawo daga ɗiban ruwa ta leƙo ta ce jirgin tsibiri ya iso, Surajo na bakin ruwa tare da ubansa, an gaya masa, ya zauna kan jirgi ya ƙi hawowa. Barakatu ta ce ya zauna.

Ta leƙa tukunya ta ga ruwan bai kai ba. Gobe ranar bin gindin bango ce, kuma yanzu ɗakuna biyu ne, don na Inna ma sai an fitar da komai an wanke kafin yarinyar ta taka shi. Ta ɗauki ƙaramin tulu ta nufi tafki, kukan na bin ta har ƙofar gida.